Jifan Raggo

Ni ne mutumin da ya shiga rabon faɗan da ba faɗa ba. Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba, don har yau akwai tsofaffi a Gidan Sori da ba su da aikin da ya wuce wanga labari. A Yamai abin ya faru, muna cin rani ni da taubashina Dogo, ɗan kawuna. Wani Alhaji mutumin ƙasarmu ya ɗauke mu mu kewaye mishi garka da katangar ƙasa irin ta gida, Dogo a bisa shina jera tubali, ni a ƙasa ina jefa mishi. Bayan garkar akwai fili. Da la'asar sai ga ƙatti sun taru, baƙaƙe da Nasaru, kowa da gajeren wando, sunka duƙa sunka haɗa kawuna kamar raguna suna nishi. Kafin in gane kan abin, sai na ga duk sun zube bisa mutum guda sun danne shi. Na ce la'ilaha illallahu, za a kashe bawan Allah da rana tsaka ba mai cewa uffan. Na yar da tubali na ruga ina ihu, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah!" Na cusa hannu ƙarƙashinsu na lalubo abin da suke wa kokowa, na fizgo shi. Wani abu ne na fata mai ciki a tsakiya da tsini a kai. To mu a garinmu in yara na faɗa kan abu, babba ɗauke abin yake yi ya ɗora inda hannunsu ba ya kaiwa. Na duƙa, na sauke shi tsakanin gwiwoyina, na wurga wa Dogo bisa katanga. Shi kuwa gogan ko waiwaye bai yi ba. Hannunshi ya ji abu ya iso, ya cafe, ya dasa shi cikin jeri, ya ɗebo laka ya shafe. Fili ya yi tsit. Sannan dariya ta ɓarke, har wanda na je ceto shina birgima a ƙasa shina riƙe da ciki.

Abin da ya tado mini da wanga zance, bana anka rushe katangar ƙarshe da Kawu, uban Dogo, ya gina da hannunshi. Jikokinshi za su yi shago na bulon siminti, kuma ban ga laifinsu ba, ruwan yanzu ba ya jin kunyar ƙasa. Na ɗauki sandata na je na tsaya ina kallo. Sai da sunka sa ƙarfe kafin ta yarda ta faɗi, tubalan suna gangarowa ɗai-ɗai, kowane da sawun yatsun wanda ya cura shi. Wani saurayi ya ɗauki guda ya ce, "Baba, wanga mi ne, kamar ƙwan jimina?" Yaran yanzu bulo sunka sani, mai kusurwa huɗu, a zuba a ƙarfe a girgiza a kife, a miƙa wa magini bisa katako kamar ana miƙa mishi kwanon fura. Mu kuwa da an kai gero rumbu sai a faɗa kududdufi. A haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, a taka da ƙafa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana ta ruɓa tana wani wari da har yau in na shaƙe shi sai yunwa ta kama ni. Sannan a zauna a yi ta curawa da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana kamar garken tumaki a kwance. In gini ya tashi, ba ka jin komi sai muryar magini daga bisa, "A kawo!" na ƙasa ya amsa, "Ga shi nan!" sai tas a tafin hannu, sai faca ta laka. Tun hantsi har azahar haka, kamar kiɗa. Mata in sun zo wucewa da tulu har takunsu ya kan bi shi.

Ni ba ɗan gidan gini ba ne. Lakol anka sa ni, makarantar boko, na yi ta tserewa har mushe, malaminmu, ya gaji da aiko a kamo ni, ya ce wa tsohona kan yaron ga kamar kwando yake, ana zubawa shina tsiyayewa. Uwata ta ja kunnena ta kai ni wurin wanta, ta ce, "Yaya, ga shi, in ya ƙi ji ka haɗa shi da ƙasar ka taka." Kawu magini ne na ji da faɗi, daga Cadakori har Tibiri ana aiko mishi doki. Amma sanda na iso hannunshi, tsufa ya riga ni isowa. Sanyin ƙashi ya kama mishi yatsu, sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza, da safe sai ya daɗe shina gasa su a wuta. Magini kuwa abin kunyarshi guda ne, a jefo mishi tubali ya suɓuce ya faɗi gaban mutane. Rannan na jefa mishi da ƙarfi irin yadda ake yi, na ga ya cafe, amma na ga fuskarshi. Daga ranar na sake jifa. Maimakon in harba mishi a tafin hannu, sai in lanƙwasa baya in ɗaga tubalin a hankali, a kwance, in auna shi yadda ƙarfinshi zai ƙare daidai ƙirjin tsohon, ya ɗan tsaya a iska ba nauyi, shi kuwa sai ya tara damtse ya rungume. Wanga jifa shina cin ƙugu, da dare kamar an yi mini duka. Ban faɗa wa kowa ba, ko Dogo, da yake shi can wani gefen katangar yake da nashi mai jifa. Mutane na ta mamaki, tsoho kamar wanga bai taɓa yar da tubali ba. Ladan da nake samu kuwa zagi. "Kai raggo!" in ji Kawu daga bisa, yadda kowa zai ji. "Wanga wane irin jifa ne kamar na mai jinya? Uwarka ba ta ba ka tuwo?" Leburori su yi ta dariya, sunan ya bi ni. Ni ma in yi dariya in ce, "Kawu, ƙarfin na tara wa aure."

To mu koma Yamai. Da dariya ta lafa, wani Banasare mai karyayyen hanci, wanda duk suke ce wa Mushe, ya sa anka ciro abin daga katanga anka wanke. Ya miƙo mini ya nuna Dogo, wai in sake. Na sake. Ya ja da baya da mu, na sake. Ya sa Dogo ya sauko ya yi tsalle, na sa mishi a hannu. Wani soja Bazabarme mai jin Hausa ya ce mana wasa ne, sunanshi rugbi, kuma abin da na ƙwace balo ce. Na ce, "Balo? Mota ta taka ta?" Ya ce haka anka halicce ta. Ya kwatanta mana: da hannu ake ɗaukarta a ruga, wanda ya kai ta bayan layin abokan gaba ya dangwala a ƙasa ya ci. Ana iya kama mai ita a kayar. Ba a miƙa ta gaba, sai baya, abin da har yau ban gane hikimarshi ba. In kuma ta fita gefe, sai ƙatti su yi sahu biyu kamar za su yi salla suna hararar juna, mutum guda ya tsaya a bakin layi ya jefa ta tsakaninsu, dogaye su yi tsalle, mai rabo ya ɗauka. Nan ne suke shan kashi kullum, in ji sojan, don ba su da mai jifa ba su da mai cafewa. Na dubi Dogo, Dogo ya dube ni. Abin da muke yi tun safe don tuwo, wai shi waɗanga ke nema da kuka. Yanzu na ga a wayar yara har ɗaga mai tsallen ake yi sama a riƙe shi ta wando kamar jariri. A zamaninmu ƙafarka ce tsaninka.

Ranin nan duk munka yi shi gini da safe, balo da marece. Ni gudu ba ni da shi, in an ba ni balo sai in nemi wanda zan ba tun ba a kashe ni ba. Mushe ya yi ya yi in riƙe lambobin asiri da ake kira da Faransanci kafin jifa, kan kwando ya ƙi. Ƙarshe ya ɗaga hannu sama ya ce mu yi da yarenmu. Dogo kuwa kamar don wasan anka haife shi. Da damina ta matso za mu gida, anka ce mana bayan kaka za a haɗa 'yan wasan ƙasa a tafi wata ƙasa ta bakin teku, kuma ana son mu biyu.

Kawu na zaune a zaure shina jiƙa yatsu a ruwan ɗumi munka faɗa mishi. Sannan ya ce, "Wasan da ake take mutum a ƙasa?" Dogo ya ce, "Wani bi, Baba." Kawu ya ɗago hannuwanshi daga ƙwarya ya nuna mana. "Kun ga waɗanga? Sun gama. Gidan ga mutum nawa ke ci, duk daga hannu suke ci, kuma hannun da ya saura shi ne naka. Magini ba ya da gona sai yatsunshi. In ka je Nasaru sunka murƙushe su, mi za mu ci, balo?" Dogo ya sunkuyar da kai, shi dama ba mai magana ba ne. Ni kuwa da bakina ba ya da ƙofa, sai na ji na ce, "Kawu, ni na ɗauka. Da yatsunshi goma zan tafi da shi, da goma zan maido maka, ka ƙirga." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai raggo?" Na ce, "Ni raggo." Ya ce, "In guda ya mutu, kada ka sake tako zauren ga. Uwarka ƙanwata ce, amma kai ba ni ba kai." Na ce na ji. Sai da munka fito Dogo ya ce, "Taubashi, kai fa mahaukaci ne. Naka yatsun ma ka iya tsaronsu?"

Ba zan cika ku da labarin jirgin sama ba, da yadda na riƙe kujera ina karanto duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Teku ma na gan shi, na ce wa Dogo wanga kududdufi da a garinmu yake da mun gina duniya. Anka ba mu riguna masu launin tutarmu. Da anka jera mu a fili anka buga taken ƙasa, ni da na tsere wa lakol ban san baitocin ba, baki kawai nake motsawa, amma sai na ji gashin jikina ya tashi, na ga sojan nan Bazabarme, wanda shi ne shugabanmu a fili, hawaye na bin kumatunshi. Mutanen ƙasar sun cika wurin maƙil suna kaɗa ganguna. 'Yan wasansu kuwa, Allah ya yi halitta, kowane wuyanshi kamar turmi. Sun daɗe suna wasan, mu kuwa ranar ce ta fari da sunan ƙasarmu ya fita waje a kanshi, kuma kowa ya san an gayyato mu ne a ci da mu.

Sunka fara cin mu kamar yadda anka shirya. Amma duk sanda balo ta fita gefe, sai in tsaya a bakin layi in ji Dogo ya ce, "A kawo!" in ce, "Ga shi nan!" sai tas. Dogonsu ya yi tsalle ya kamo iska. Tun 'yan kallo na dariyar yadda nake duƙawa in jefo daga ƙasa kamar mai kwasar ruwa, har sunka daina. Munka rama, sunka ƙara, munka matso. Ana cikin haka anka zube bisa Dogo, da anka tashi na ga ya riƙe hannun dama. Na ruga. Ɗan yatsanshi na tsakiya ya kauce, shina kallon inda sauran ba su kallo. Wallahi ba filin na gani ba, zauren Kawu na gani da ƙwaryar ruwan ɗumi. Likita ya ja yatsan ya ɗaure shi da na kusa da shi. Na ce, "Dogo, fita." Ya ce, "In fita in bar su da wa?" Na ce, "Tsohonka zai kore ni." Ya ce, "Dama ka ishe mu."

Daga nan na daina jefa mishi. Na koma jefa wa wani ɗan makaranta Badamagare, yaron kirki mai zuciya, amma dogonsu ya fi shi tsawo, sau uku shina ƙwacewa. Lokaci ya kusa ƙarewa, suna gabanmu da kaɗan, sai balo ta fita dab da layinsu, jifa namu. Sojan ya zo ya kama mini riga, numfashinshi kamar zuga-zugi. "Wa za ka ba?" In na harba wa Dogo irin jifan da ya saba, a kan yatsan za ta sauka, kuma abin da ya kauce zai karye. In na ba ɗan makaranta, mun tafi gida da kunya. Sai na ji daga cikin sahu, da muryar da ake yi daga bisa katanga, "A kawo!" Na dube shi, ya ɓoye hannun a bayanshi, ya yi tsaye wani iri, kafaɗa guda ta sauka. Ban taɓa ganin ya yi kama da ubanshi kamar ranar ba. Na ɗaga murya da Hausa, gaban alƙalin wasa da kowa, wa zai ji? "Taubashi, kada ka buɗe yatsu! Kada ka tashi sai ka ga ta tsaya! Ƙirji za ka tara, ka yi mini tsufa!" Ya ce, "Mi?" Na ce, "Ga shi nan!"

Na lanƙwasa baya na ɗaga ta a kwance, a hankali, jifan mai jinya. Dogonsu da ya gaji da a riga shi, tun tana barin hannuna ya tashi da dukan ƙarfinshi. Ya kai ƙarshen tsallenshi balo ba ta iso ba. Shina saukowa shina kallonta ta wuce bisa kanshi tana tafiyar amarya, ta kai inda ƙarfinta ya ƙare, ta tsaya. Sannan Dogo ya tashi. Ya tara damtse ya rungume ta a ƙirji, yatsunshi ko taɓa ta ba su yi ba. Shina dira namu sunka dafe shi ta baya, sojan na ihu, munka sa kafaɗa. Kun san yadda ake tura amalanke in ta kafe cikin rairayi da kayan gero, jaki ya gaza, kowa ya zo? To haka. Ni ma raggo na sa kaina cikin ƙugun wani ina kiran sunan uwata. Taku guda, taku biyu, sai na ji tarin ya tafi, munka zube gaba ɗaya. Da anka ɗaga mutane ɗai-ɗai, ga Dogo a ƙasa bayan layi, balo a ƙarƙashin ƙirjinshi, hannun dama ya ɗaga shi sama kamar mai tsallake gulbi da goro. Alƙali ya busa. Gangunansu sunka yi shiru, mu 'yan kaɗan muna ihu kamar kasuwa guda. Mushe mai karyayyen hanci ya ɗauke ni cak ya sumbace ni a kumatu biyu, abin da ko matata ba ta taɓa yi ba.

Dogo ya yi shekaru shina sa rigar nan. Duk rani a aiko a kira shi, ya shiga ƙasashe, ya ci ya sha kashi, duk damina ya dawo ya kama hauya. Ni ban daɗe ba anka samu mai jifa da ya iya gudu kuma ya iya lamba, anka sallame ni da godiya. Da gwiwa ta gaza mishi ya dawo katanga gaba ɗaya, ya gaji ubanshi, rabin sorayen da ke tsaye tsakanin nan da Gidan Rumji hannunshi ne. Ya riga ni tafiya, Allah ya jiƙanshi. Jikokinshi sun san shi magini ne, rigar kuwa na ga an yanka ta ana tace koko da ita.

Amma ranar da munka dawo daga waccan tafiya ta fari, labari ya riga mu isowa ta rediyo, gari ya fito tarbo, mata na guɗa. Ni kuwa alkawarin yatsu goma nake tunawa. Na tsaya a ƙofar zaure ban shiga ba. Kawu ya ce, "Miƙo." Dogo ya miƙa hannuwa. Tsohon ya kwance tsumman, ya bi yatsun ɗai-ɗai da nashi lanƙwasassu, ya zo kan na tsakiya da ya kumbura ya ɗan karkace. Ya matsa, Dogo ya cije leɓe. "Lanƙwasa." Ya lanƙwasa. "Miƙe." Ya miƙe. Ya tura anka ɗauko tubali guda ya ce ya damƙa, ya damƙa ya ɗaga. Kawu ya ce, "Shina da rai. Mai ɗori zai gyara saura. Goma ne, ɗaya dai ya yi tafiya ya ga duniya." Ya leƙo ƙofa. "Kai kuma raggo, tsayuwar mi kake kamar baƙo? Shigo." Na shiga na durƙusa. Sai ya ce wa Dogo, "An ce da hannun ga ka ci su. Da wanga yatsa ƙaƙa ka cafe?" Dogo ya ce, "Ban cafe ba, Baba. Wani jifa ya yi mini da ban taɓa gani ba. Ta taho a kwance a hankali, ta zo daidai ƙirjina ta tsaya kamar tana jirana, ba nauyi. Rungumarta kawai na yi."

Kawu ya maida yatsunshi cikin ƙwarya. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da ƙarfi ya yi maganar ba, ba irin ta bisa katanga ba.

"Ashe jifana ka ba shi. Kai duk shekarun ga tsammani kake ban sani ba?"